Kafin a yi wa kwamfuta fomatin, a sauke mata gudun da aka ɗora mata

Wata ɗabi'a na yaɗuwa a tsakanin matasan da ke cin abinci da kwamfuta a garuruwanmu na kudancin Kano, masu haɗa bidiyon biki da masu ɗakin wasan ƙwallo, daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada. Sai yaro ya kalli YouTube, ya shiga saitin BIOS, ya ƙara wa firosesa gudu fiye da yadda kamfani ya yanka mata. Sati ɗaya ko biyu komai lafiya. Can wata rana ana tsakiyar aiki sai kibiyar linzami ta kafe wuri guda, sauti ya maƙale yana maimaita kansa, a danna Caps Lock fitilarsa ko ƙyaftawa ba ta yi. A ɗauke ta a kai wa mai gyara, shi kuma tun bai buɗe ta ba ya ce bairos ne, a yi fomatin. A ganina wannan gyaran ganganci ne, kuma ƙarin gudun kansa ciniki ne na asara a yanayi irin namu.

Lissafin ba shi da wuya. Zafin da firosesa ke fitarwa yana tashi da gudunta, yana kuma tashi ninki biyu da ƙarfin wutar da ake ba ta. Wanda ya ƙara kashi 10 cikin 100 na gudu da kashi 10 na wuta ya ƙara mata zafi kusan kashi 33, alhali ribarsa ba ta wuce minti biyar ko shida a aikin awa guda ba. Yawancin firosesocin Intel suna fara rage gudu da kansu idan sun kai wajen digiri 100. Mai yin wannan wasa a Jamus yana zaune ne a ɗaki mai digiri 20, namu kuwa shagon kwano ne a watan Afrilu, lokacin da zafin waje kaɗai kan kai digiri 40. Ga ƙurar hunturu. Duk wanda ya buɗe kwamfutar da ta shekara a bakin titin Zariya ya san yadda ƙura ke dunƙulewa kamar auduga a bayan fanka, man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ta kuma ya bushe yana farfashewa. Sannan ga wutar janareta mai hawa da sauka. 'Yar rarar da kamfani ya bari don tsaro, yanayinmu ya riga ya cinye ta.

Masu wannan ɗabi'a suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa mutumin Doguwa ko Kiru ba shi da kuɗin sabuwar kwamfuta, Beljiyam ya sayo daga Beirut Road, dole ya tatse ta iya tatsa. Gaskiya ne. Amma ai shi ne wanda ba zai iya jure mutuwarta ba, domin ba shi da garanti, kuma zuwa birni daga Riruwai ta dajin Falgore yini ne guda da kuɗin mota. Wanda jakinsa ɗaya ne ba ya yi masa kayan biyu. Gara a tara kuɗin fomatin da na mota a sayo ƙarin ram ko faifan SSD, wanda bambancinsa ido ke gani tun daga kunnawa. Wasu kuma na cewa sun gwada ta da manhajar Prime95 ta wuce lafiya. To, da sanyin safiya aka gwada ko da azahar? Kuma wuta mai yawa a hankali take cin firosesa. A Yulin 2024 Intel da kansa ya amsa cewa wutar da ta wuce ƙima na sa wasu firosesocinsa na zubi na 13 da 14 rikicewa, har daga baya ya ƙara musu garantin shekara biyu. Idan kamfanin da ya ƙera ya yi kuskure a nan, ina ga mai ƙiyasi da bidiyon minti goma?

Abin da nake nema daga masu gyara shi ne bin tsari. Tambayar farko ita ce, an taɓa saitinta? Ko mai ita ya musa, a cire ɗan batirin nan mai kamar kwabo na CR2032 a mayar da komai yadda ya zo, har da XMP, domin shi ma ƙarin gudu ne ga ram, mutane da yawa ba su sani ba. A busa ƙura, a sa sabon mai, a duba zafi da HWMonitor tana cikin aiki. In ta sake daskarewa a bar MemTest86 ya kwana yana gwada ram, a gwada wani akwatin wuta, abu ɗaya bayan ɗaya, don a san wane ne mai laifin. Fomatin ya zo a ƙarshe, kuma bayan an kwashe wa mutum bidiyon ɗaurin auren da ya karɓi kuɗinsa bai kai ba tukuna.