Garin Neman Gira...

'Yan uwana mata, yau maganata a kan tsohon hoto ce, irin na Inna ko na kaka da muke ɗauka mu kai shagunan masu hoto na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, a sa a kwamfuta a gyara, a ƙara masa girma mu rataye a falo.

A da can, kafin fim ya wadata, a jikin farantin gilashi ake ɗaukar hoto. Ana shafa masa magani, haske ya faɗa kansa, fari ya fito baƙi, baƙi ya fito fari. Daga nan a ɗora shi kan takarda a haska, hoto ya fito sosai. A Binin an yi wani gwani, Solomon Alonge, mai hoton fadar Oba, wanda ya buɗe shagonsa a 1942, ya rasu a 1994. Gidan tarihi na Smithsonian a Amurka ya adana gilasansa, aka zuba hotunan a kwamfuta, aka baje kolinsu a 2014, aka kuma kai su Binin a 2017, jikoki suka ga kakanninsu. Wannan haɗin gilashi da kwamfuta ni kam na yaba masa, domin mutanen sun fito da kamanninsu.

To amma namu fa? Wallahi abin da takaici. Yawancin gyararrun hotunan da nake gani a ɗakunan mata an wuce gona da iri. Tsohuwa baƙa wankan tarwaɗa sai a mayar da ita fara tas kamar mai bilicin. A goge mata bille, a toshe wushirya, a cire zanan da ke bayanta a dasa bene da furanni. Haba jama'a! To wa ke nan aka rataye a bango? Gobe ɗiyarki ta tambaye ki kamannin kakarta, baƙuwa za ki nuna mata? Abin da ya fi muni, yarinyar za ta tashi da tunanin baƙar fata aibi ce da ake gogewa.

Ban ce kada a gyara ba. A ɗinke inda ya yage, a share tabon ruwa da cin gara, a tsaya nan. In kin kai hoto, ki faɗa wa mai gyaran ƙiri-ƙiri kada ya taɓa fuska. Ki kuma karɓo na asalin ki adana a ƙasan akwati, don shi ba shi da na biyu. Allah Ya sa mu gane, amin.