Elifaz a Bakin Makirfo

Wani ɓangare na aikina a gidan rediyo shi ne sauraron wa'azin da coci-coci ke kawowa kafin a sa shi a iska ranar Lahadi. Abin da aka ɗora mini kaɗan ne: in duba tsawon lokaci, in tabbatar murya ta fita, kuma ba a zagi kowa ba. Amma kunne ba ya zaɓen abin da zai ji.

Kwanakin baya wani fasto daga wata sabuwar majami'a a nan Garwa ya kawo nasa, minti 25. Maganar gaskiya, mutumin ya iya magana. Ya san inda zai ɗaga murya da inda zai yi shiru, yana tsallakawa daga Faransanci zuwa Fulatanci zuwa Hausa ba tuntuɓe. Da gasar iya baki ake yi, da na ba shi na ɗaya. Ya ɗauko Littafin Ayuba sura 22, inda aka ce wa mutum ya koma ga Allah, wadata za ta biyo baya. A kan wannan ya gina komai: talaucinka shaidar zunubinka ne, ciwonka ma haka, ka tuba, ka kawo baiko, ƙofa za ta buɗe. Sau bakwai na ƙirga yana cewa Ubangiji ne ya faɗa.

To, ba Ubangiji ne ke magana a sura 22 ba. Elifaz ne, ɗaya daga cikin abokan Ayuba uku da suka zo jaje suka ɓuge da tuhuma. A wannan surar ce ma ya laƙa wa Ayuba laifin korar gwauraye hannu wofi, laifin da bai aikata ba. Wanda ya daure ya kai sura 42 zai tarar Allah ya yi fushi da Elifaz da abokansa biyu saboda ba su faɗi daidai game da shi ba, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Wato littafin gaba ɗaya an tsara shi ne don ya rushe wannan ra'ayi, faston kuma ya tsinci tubali ɗaya daga cikin ɓaraguzan ya ce ga gidan.

Abin da ya dame ni shi ne wanda ke sauraro. A ƙauyukan da ke bakin Binuwai akwai gwauruwar da ba ta iya karatu ba, rediyo ce majami'arta in damina ta yanke hanya. Ita ba za ta buɗe sura 42 ba. Abin da za ta kwana da shi, mutuwar mijinta da zazzaɓin ɗanta alhakinta ne, kuma kuɗin maganin ya fi dacewa da kwandon baiko.

Ba a rasa littafi ba, ba a rasa makaranta ba. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932, na Fulatanci a 1983. Akwai makarantar tauhidi ta Lutheran a Maiganga da wata a Kaele, 'yan Katolika kuma suna da babbar makarantar horar da fada-fada a Marwa, inda mutum ke shafe shekaru kafin a ba shi bagade. Su ma ba waliyyai ba ne. Na sha jin wa'azin mai digiri da ke sa barci tun kafin a kai rabi. Sai dai ban taɓa jin ɗayansu ya rikita mai magana a cikin nassi ba. Sauyin ya zo ne bayan dokar ƙungiyoyi ta Disamba 1990, lokacin da majami'u suka yi ta tsiro a shaguna da zauruka, duk mai murya da lasifika ya zama shugaba. A 2013 gwamnati ta rufe da dama daga cikinsu, amma kwaɗon ƙofa ba ya koya wa kowa karatu.

Akwai kuma matsalar harshe, wadda ba a cika magana a kanta ba. Da yawa suna karanta fassarar Louis Segond ta 1910, Faransanci mai nauyi ko ga ɗan boko, sannan su juya ta nan take yadda ta zo musu. Fassarar da masana suka yi shekaru suna auna kowace kalma tana ajiye a kan kanta, ƙura ta rufe ta. A gari irin Garwa, inda maƙwabcinka Musulmi zai gyara wa limami wasali ɗaya daga sahun baya, wannan sakaci abin kunya ne.

Na kira faston na ce, "Baba Fasto, don Allah a sake duba mai magana a surar nan." Ya ce duk abin da ke cikin littafin maganar Allah ce. Na ce maganar maciji ma tana cikin Farawa sura 3. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko a wace makarantar tauhidi na yi karatu. Na ce aikin jarida na karanta. Ya riga ya biya kuɗin fili, wa'azin ya fita ranar Lahadi da ƙarfe bakwai, ni ne ma na gabatar da shi.