MATAR DA COCI YA KORA: SHARHI A KAN LITTAFIN SONIA JOHNSON

'Yan uwana mata, littafin da na ɗauko mana yau ba na soyayya ba ne, amma akwai so a ciki, akwai kuma rabuwa mai ciwo. Sunansa From Housewife to Heretic, ma'ana daga matar gida zuwa wadda aka ce ta saki hanya. Wata Ba'amurkiya, Sonia Johnson, ta rubuta shi a kan rayuwarta, ya fito a 1981.

An haifi Sonia a 1936 a jihar Idaho, gidan 'yan ɗarikar Mormon kaka da kakanni. Joseph Smith ne ya kafa ɗarikar a 1830, cibiyarta na Salt Lake City a jihar Utah. A wurinsu maza kaɗai ake naɗawa limancin coci, mace kuwa an fi yaba mata da aure da tarbiyya. Sonia ta yi aure, ta haifi 'ya'ya huɗu, ta yi boko har digirin digirgir, ba ta kuma wasa da ibadarta.

To ina aka samu matsala? A 1972 majalisar Amurka ta amince da wani gyara ga tsarin mulki, wanda zai hana doka bambanta mace da namiji wajen haƙƙi. Sai jihohi 38 sun yarda zai tabbata, amma ya cije a 35. Shugabannin cocin Mormon suka fito suka ƙi shi a 1976, don a ganinsu zai rusa iyali. Ita kuwa Sonia ta ga adalci ne. Suka kafa ƙungiya da wasu mata, ta je gaban kwamitin majalisar dattawa a 1978 ta yi magana, har suka yi sa-in-sa da Sanata Orrin Hatch, ɗan ɗarikarsu. A Disamba 1979 kotun coci, wadda maza zalla suka zauna, ta kore ta. A wannan tsakanin kuma aurenta ya mutu.

Abin da ya fi burge ni shi ne littafin bai yi wa imani riƙon wasa ba. Wannan ba mace ba ce da ke neman ƙofar fita. Tana son cocin nan kamar gidan ubanta, shi ya sa korar ta yi mata zafi. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. In kika karanta yadda ta bayyana zamanta na matar gida mai haɗiye magana, wallahi sai jikinki ya yi sanyi.

Amma fa ina da ƙorafi. Da tafiya ta yi nisa, fushi ya fi ƙarfin alƙalami. Maza sun kusa zama abu guda a idonta. Babban abin ma shi ne matan ɗarikarta da suka saɓa mata. Barbara Smith, shugabar ƙungiyar matan cocin a lokacin, ta fito fili ta ƙi gyaran, kuma dubban mata sun bi bayanta. Sonia ta fi kallonsu a matsayin waɗanda maza ke kaɗawa. Anya kuwa? Ba za a rasa mai tsoron gaske a cikinsu ba, wadda ke ganin in doka ta daidaita komai, ita da ba ta da albashi za ta rasa madogara. Wadda ke kukan an hana ta magana, ya kamata ta fi kowa sauraren 'yar uwarta.

Duk da haka ban ce ƙarya ta yi ba, ba kuma da baki kawai ta tsaya ba. A 1982 ta yi kwana 37 ba ta ci abinci ba a jihar Illinois saboda wannan gyara, wa'adinsa kuma ya cika a shekarar bai tabbata ba.

Shawarata, 'yar uwa, in littafin ya zo hannunki ki karanta shi da natsuwa. Kada ki haɗiye shi ɗungurungum, kada kuma ki yi masa dariya don addininsu daban ne. Ki ji kukanta, sannan ki tambayi kanki me sauran matan za su ce da an miƙa musu alƙalamin.