Jinjina ga masu rainon FreeDOS

A 1994, da ta bayyana cewa Microsoft zai jingine MS-DOS ya rungumi Windows, wani ɗalibi a Jami'ar Wisconsin da ke River Falls a Amurka, Jim Hall, ya ƙi haƙura. A watan Yuni ya yi shelar gina DOS kyauta, ta kowa da kowa. Pat Villani ya kawo zuciyar manhajar, wadda ke magana da na'ura kai tsaye, Tim Norman kuma ya rubuta sashen da ke karɓar umarnin da mutum ya buga.

Juriyarsu ce ke burge ni. Shekara 12 suka kwashe kafin FreeDOS 1.0 ta fito a 2006, ba albashi, sai lokacin hutunsu da suka sadaukar. Dole kowane umarni ya yi aiki yadda yake yi a MS-DOS, alhali ba su da izinin kwafar rubutun Microsoft. Kamar a miƙa wa maɗinki tsohuwar hula ne a ce ya fitar da irinta sak, kuma kada ya warware zare ko ɗaya. Allah ya saka musu, sun fitar.

Har gobe akwai tsofaffin manhajojin lissafin kuɗi da injinan masana'antu da ba sa jin yaren kowa sai na DOS, kuma da FreeDOS masu gyaran kwamfuta kan sabunta BIOS. Ko a kasuwanninmu, kwamfutar HP mai rahusa takan zo da FreeDOS a cikinta.