Kunnen mai gyaran garmaho a Agadas

Kiɗan Agadas ya zagaya duniya a kan faifan garmaho, alhali a gida ta wayar salula ake jin sa. A 2007 kamfanin Sublime Frequencies na Amurka ya fitar da faifan Group Inerane mai suna Guitars from Agadez, bayan shekara biyu ya biyo da na Bombino. Shi kuma Sahel Sounds na Christopher Kirkley ya tattara waƙoƙin da matasan Sahara ke tura wa juna daga waya zuwa waya, ya buga su a faifai a 2011, daga baya ya buga na Etran de L'Aïr, waɗanda suka yi suna a gidajen bikin garin nan. Saboda haka yau saurayi kan samu faifan da ɗan unguwarsu ya kaɗa jita a ciki, amma ya rasa abin da zai ɗora shi a kai. Sai ya tono tsohuwar na'urar kakansa, ko ya sayi ta hannu cikin kayan gwanjo. Ya kunna, shiru. A nan ne tsohon mai gyaran rediyo, wanda ya ga jiya ya ga yau, yake nuna abin da ya iya.

Gwani ba ya farawa da sukundireba, da tambaya yake farawa. “Samari, ina ka samo ta? Da ka kunna, me ta yi?” Idan yaro ya ce, “Wallahi Baba, ba ta yi kawai,” sai ya juya bayanta ya karanta abin da aka rubuta kusa da wayar wuta. Wutar Nijar bolt 220 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Na'urar da aka ƙera don Amurka, in aka jona ta a bangonmu kai tsaye, kafin ƙiftawa da bismilla ta ƙone. Shi ya sa za ka ga ya kai hanci ya sansana, domin ƙaurin taransifomar da ta ƙone ba ya ɓuya. Wasu na'urorin suna da ɗan makunnin sauya wuta a baya ko a ƙarƙashin faranti, gyaran ke nan gaba ɗaya.

Daga nan aikinsa irin na mai bin sawun raƙumi ne: ba ya tsallake taki. Daga bango zuwa moto, daga moto zuwa faranti, daga faifai zuwa allura, daga allura zuwa sifika. Inda sawu ya ɓace, nan ciwon yake.

A ce wuta ta shiga amma faranti bai juya ba. Da farko zai ɗauki hannun allura ya kai shi saman faifai, don akwai na'urori da yawa da ba sa tashi sai an yi haka, kuma sabon shiga bai sani ba. Idan ya ji moto yana aiki a ciki, sai ya ɗaga robar da ke kan faranti ya leƙa ta huji. Galibi bel ne, wato siririn zoben robar da ke haɗa moto da faranti. A garin da zafi ke haura digiri 40 a lokacin bazara, roba ba ta daɗewa: ko ta saki, ko ta narke ta zama baƙin danƙo. Zai goge danƙon da auduga da sifirit, ya zagaya hanyar bel ɗin da zare don ya auna tsawo, ya nemo wanda ya ɗan gaza zaren kaɗan don ya kama. Wanda ya shekara yana sauya bel ɗin kaset ba ya buƙatar a koya masa wannan. Tsofaffin na'urori irin su Garrard da BSR kuwa da ƴar tayar roba suke juya faranti, kuma giris ɗin cikinsu kan daskare ya riƙe komai. Maganinsa a wanke, a sa sabo, a ɗiga man keken ɗinki a gindin faranti. Akwai kuma irin Technics SL-1200, wadda ta fito a 1972, da moto ke juya farantinta kai tsaye ba bel.

Faranti ya juya, saura gudu. Faya-fayai iri uku ne: tsohon mai juyi 78 a minti, babban faifai mai 33 da sulusi wanda Columbia ta fito da shi a 1948, da ƙarami mai 45 na RCA a 1949. Gwani yakan gane kuskuren gudu da kunne, in muryar Shata ta yi kauri ko ta yi siriri fiye da yadda ya san ta. Don ya tabbatar wa mai kaya, sai ya manna ƴar takarda a bakin faranti, ya duba agogo. A gudun 33 da sulusi, takardar za ta wuce sau 100 cif cikin minti uku. Idan ya ƙirga wajen 83, ya riga ya san labarin. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, kuma akwai moton da ke ɗaukar gudunsa daga wannan kaɗawar. Taransifoma za ta rage ƙarfin wuta, amma ba za ta gyara gudu ba, sai an sauya ɗan ƙarfen kan moto da bel ke hawa. Haka ma irin wannan moton kan yi ta hawa da sauka a kan janareton da bai zauna daidai ba.

A wajen allura ake bambanta gwani da ɗan dagaji. In allura tana tsalle, ɗan dagaji sai ya ɗora mata kwabo a ka. Tsallen zai tsaya, amma faifai ne zai biya, domin nauyin yana rarake layin da sautin yake ciki, kuma abin da ya rarake ba ya dawowa. Gwani sai ya fara duba ko teburin a miƙe yake, ya ɗora kofin ruwa ya kalli bakin ruwan. Sannan ya murza ƙarfen da ke gindin hannu har hannun ya tsaya a iska, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Ya mayar da lambar ƙarfen kan sifiri, ya ƙara nauyin da aka ƙayyade wa allurar, wanda a yawancin na zamani bai wuce giram ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi ba. Sai ya daidaita ɗan mamurɗin da ke hana hannu zamewa ciki da wannan lambar. Bakin allurar galibi ƙwayar daimon ce da ido ke gani da ƙyar. Da tabarau mai ƙara girma zai duba ko ta karye, ko ta lanƙwashe, ko kuwa curin ƙura ne kawai ya naɗe ta. Zai share da ɗan buroshi daga baya zuwa gaba. Kuma zai ja kunnenka cewa layin faifan 78 ya fi faɗi, allurarsa daban ce.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne, “Tana yi, amma murya can ƙasa-ƙasa, ba nauyi.” Lafiyar na'ura lau. Wutar da allura ke haifarwa ƴar mitsitsiya ce, kuma tun wajen buga faifai ake rage kaurin sauti a ƙara siririnsa, bisa ƙa'idar RIAA ta 1954. Dole sautin ya bi ta ramin amfilifaya da aka rubuta wa PHONO, ko ta wani ɗan akwati mai wannan aikin, kafin ya dawo yadda aka kaɗa shi. Idan ƙugi ne ke tashi a sifika, sai ya nemo siririyar waya ta uku da ke reto a baya, ya ɗaure ta a jikin amfilifaya, ƙugin ya ɗauke. Idan sifika ɗaya ce ke magana, sai ya musanya wayoyin biyu da ke ɗauko sauti daga na'ura zuwa amfilifaya. In shirun ya koma ɗaya gefen, laifin na'urar ne, sai ya duba ƙananan wayoyi huɗu na bayan allura: ja da kore na dama, fari da shuɗi na hagu. Sau da yawa tsatsa ce kawai.

Ba zai sallame ka ba sai da nasiha, saboda ya san garinsa. Ƙurar hunturu tana shiga layin faifai, busasshiyar iska kuma tana sa robar faifai ta riƙa jawo ta. A rufe na'ura da zane, a ajiye faya-fayai a tsaye cikin rigarsu, nesa da rana da rufin kwano, a riƙe su ta baki. Kada sifirit ya taɓa tsohon faifan 78, narkar da shi yake yi.

Yawancin wannan gyara bai ci kuɗin kirki ba, natsuwa da kunne ya ci. Masu wannan sani kuwa tsufa suke yi, yara sun koma gyaran waya. Duk mai tsohon garmaho a ɗaki ya kakkaɓe shi ya kai wa irin waɗannan dattawa, ya zauna a gefe ya kalli yadda ake yi, ya kuma biya su haƙƙinsu ba ciniki. Da tsohuwar zuma ake magani.