Fim ɗin Hausa da Kyautar Oscar: Tsokaci a Kan Hasashe da Sakamako

Gabatarwa

Sau biyu cikin shekara huɗu Nijeriya ta tura fim ɗin Hausa gasar Oscar ta Amurka: The Milkmaid a 2020, da Mai Martaba a 2024. Kowane karo an sa rai, kuma kowane karo fim ɗin bai shiga jerin 15 da ake tacewa ba. Wannan maƙala za ta duba abin da aka yi tsammani, da abin da ya faru, da kuma dalilin da ya sa hasashen ya ci tura.

Yadda Hausa ta samu shiga

A Nuwamba 2019 hukumar Oscar ta cire Lionheart na Genevieve Nnaji daga rukunin finafinan ƙasashen waje. Ƙa'idar rukunin ita ce fiye da rabin maganar fim ta kasance ba da Turanci ba, alhali Ibo na cikin Lionheart bai wuce kimanin minti 11 cikin 95 ba. Faɗuwar wani tashin wani: a shekarar da ta biyo baya kwamitin Nijeriya ya zaɓi The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda aka ɗauka a Jihar Taraba, akasarinsa da Hausa. Labarin A'isha ne, Bafulatana mai tallan nono, wadda ke neman 'yar'uwarta Zainab bayan 'yan bindiga sun kai wa ƙauyensu hari.

Hasashe da sakamako

A Disamba 2020 fim ɗin ya ci kyauta 5 cikin 8 da aka tsayar da shi a gasar AMAA, ciki har da ta fim mafi kyau, Maryam Booth kuma ta ci ta jaruma mai taimakawa. Wannan nasara ce ta sa aka ɗauka ƙofar Oscar a buɗe take. Amma da aka fitar da jerin 15 a Fabrairu 2021, daga cikin ƙasashe 93, Tunisiya da Kwaddibuwa ne kaɗai suka tsallake daga Afirka. A ƙarshe Another Round na ƙasar Denmark ya ci.

Haka aka maimaita da Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, labarin rikicin gadon sarauta, wanda Adam A. Zango ya fito a ciki. A jerin Disamba 2024, Dahomey na Mati Diop, wanda Senegal ta tura, shi ya samu wuri. Masu hasashe na Turai da Amurka ma ba su tsira ba a wannan zagaye. Emilia Pérez na Faransa, da aka tsayar a rukuni 13, shi aka daɗe ana ba nasara, sai tsofaffin rubuce-rubucen jarumarsa na intanet suka tono rigima. A Maris 2025 I'm Still Here na Brazil ya ɗauki kyautar.

Inda kuskuren yake

Kuskure na farko shi ne auna gasa da mudun wata gasa. Alƙalan AMAA 'yan kaɗan ne, suna zama su kalli abin da aka kawo musu. Masu zaɓen Oscar kuwa suna da yawa, kuma fim yakan kai gare su ne ta bukukuwan Cannes, Berlin ko Toronto, da kamfanin da zai kashe kuɗi a tallata shi a Amurka. Dahomey ya zo da babbar kyautar Berlin ta 2024 a hannunsa; finafinanmu biyu ba su da irin wannan guzuri.

Na biyu shi ne mantawa da tarihi. Sau uku kacal ƙasar Afirka ta ci wannan rukuni: Aljeriya a 1970, Kwaddibuwa a 1977, Afirka ta Kudu a 2006. Wanda ya san haka ba zai yi gaggawar shafa fatiha ba.

Na uku ya shafi ɗalibin harshe kai tsaye. Alƙalin da ba ya jin Hausa fassarar ƙasan allo yake karantawa. Karin magana, habaici, da bambancin “kai” da “ku” na girmamawa duk sukan zube a hanya. Saboda haka hukuncinsa bai gaya mana komai ba game da ingancin Hausar fim.

Kammalawa

Akwai masu jin wannan Hausa da babu alƙalin da ke tuntuɓarsu. A zangon Sokode da na Dapaong a ƙasar Togo, inda fatauci ya kai Hausawa tun zamanin cinikin goro, Hausa na cikin harsunan kasuwa. Dapaong ta fi kusa da Wagadugu a kan Lome, kuma a Wagadugu ake bikin FESPACO tun 1969, inda Oumarou Ganda na Nijar ya fara cin babbar kyautar a 1972. Mai shirya fim da ke son sanin matsayin aikinsa, ya kyautu ya fara da waɗannan 'yan kallo da wannan biki kafin ya hangi Los Angeles.