Tulun Ladi Kwali Wanda Ba Ya Sanyaya Ruwa

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira 20 ta Nijeriya wadda aka fitar a shekarar 2007, ya ga hoton wata mace a bayanta tana ginin tukunya. Wannan ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, wadda aka haifa a garin Kwali wajen shekarar 1925, ta rasu a Minna a 1984. Tulunanta na ado sun shiga gidajen manya da gidajen ajiyar kayan tarihi a Ingila da Amurka. Yabon da ake yi musu yana da tushe, amma ya kamata a auna abin da suka samu da abin da suka rasa.

Ladi ta koyi gini tun tana yarinya wurin wata babbar ƴar'uwarta, kamar yadda matan Gwari suke koya. Da hannu ake jan yumɓu, ana ɗora shi zobe bisa zobe, maginiya tana zagaya tukunyar har ta tashi. Kafin ta bushe sai a yi mata zane da bakin wuƙa da murɗaɗɗiyar igiya. A nan gwanintar Ladi ta fito. Takan raba jikin tulu gida gida, ta sa kada a wannan, kunama a wancan, ga hawainiya, ga kifi, ga ƙadangare. Kowace dabba tana bin tudun cikin tulun, ba ta cushe ba, ba ta kuwa bar fili a banza ba. Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tulunanta a fadarsa tun Turai ba ta san sunanta ba.

A fadar ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga aikinta. Shi ne ya kafa makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta fari a wurin. Ta koyi gini a kan faifan da ake juyawa, tana yin kwanoni da faranti da butoci. Manyan tulunan kuwa ta ci gaba da gina su da hannu. Abin da ya sake shi ne yumɓun da wutar. Aka riƙa cika zanen da farar ƙasa, a shafa ruwan gilashi a bisa, a gasa cikin tanderu mai zafin da ya wuce digiri 1,200.

Ribar wannan a fili take. Zanen ya fito sarai ƙarƙashin ƙyalli, ba ya gogewa, tulun kuma ya yi ƙarfi kamar dutse. An nuna aikinta a Landan a 1958, da 1959, da 1962. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ita da ba ta yi makarantar boko ba.

Amma ga hasarar. Tulun ƙauye da aka gasa a fili da itace da ciyawa yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ruwa yakan tsattsafo ta cikinsu, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin, shi ya sa ruwan randa yake da sanyi ko a watan bazara. Gilashi ya toshe waɗannan kafofi. Tulun tanderu ba ya sanyaya ruwa, ya yi nauyin da mace ba za ta so ɗauka zuwa rafi ba, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin talaka. Ya tashi daga gindin inuwa ya koma kan tebur, abin kallo kawai.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce aikin ya lalace. Abin da ya cece shi shi ne Ladi ba ta sake siffar ba. Faɗin ciki, da gajeren wuya, da bakin da hannu zai iya kamawa, duka ɗaukar ruwa ce ta haife su, ido kuma yana jin daɗinsu domin suna da dalili. Kyan tulun ya riga gilashin zuwa. Tanderu ya ƙara masa ƙarko da tsada da suna, gwanintar kuwa daga Kwali ta zo.

Wannan ya shafi maginan Mirriya kusa da Damagaram, da matan Bubon a bakin kogin Kwara kusa da Yamai. Roba da tukwanen dalma sun rage musu kasuwa, tukwanen ado kuwa suna iya zama musu wata hanyar abinci. Hatsarin shi ne a ɗauka ado ƙyalli ne, a gina abu da gaggawa, a lulluɓe shi da fentin kanti domin baƙo. Fenti yana ɓoye tsaga, ba ya gyara karkataccen gini.

Mai sayen tukunyar ado fa, sai ya ɗaga ta ya ji nauyinta, ya ƙwanƙwasa ta ya ji ko tana amsawa da kyau, ya duba ko zanen yana tafiya da jikinta. In ta ci wannan gwaji, ya biya maginiyar kuɗin da ya dace, kada ya tsaya ciniki kamar mai sayen kasko. Ya kuma tambayi sunanta. Duniya ta san Ladi, amma dubban matan da suka riƙe wannan sana'a kafin ita sun wuce ba a rubuta sunansu ba. Ma'aikaci ya cancanci ladansa tun yana da rai.